In kun je Rasha kar ku tsaya a Mosko kawai, ku ƙarasa Kazan

Yawancin masu zuwa Rasha yawon buɗe ido Mosko suke sauka, su yi hoto a Jan Dandali, in da sauran kuɗi su leƙa Santi Fitasbag su dawo gida su ce sun ga ƙasar. To ni dai shawarata ga duk wanda Allah Ya ba ikon zuwa, musamman Musulmi, ita ce ya ware wa Kazan lokaci ko da kuwa zai rage na Mosko ne. Kazan shi ne babban birnin Jamhuriyar Tatarstan, yana bakin kogin Bolga, wajen kilomita 800 gabas da Mosko, mutanensa sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kusan rabi Tatar ne waɗanda asalinsu Musulmi ne, sauran kuma yawanci Rashawa mabiya cocin Otodoks. Masu kallon ƙwallo za su tuna sunan tun gasar cin kofin duniya ta 2018, masu bin labarai kuma taron ƙungiyar ƙasashen BRICS da aka yi a can a watan Oktoban 2024, amma wallahi garin ya wuce filin ƙwallo da zauren taro nesa ba kusa ba.

Jirgin ƙasa na dare na hau daga Mosko, daga tashar da ake kira Kazanski, tafiyar wajen awa 12 ce. Ku hau shi in kuna da hali, ya fi jirgin sama daɗi. A bakin kowane tarago akwai ma'aikaciya da ke duba fasfo da tikiti, ita ce kuma mai kula da taragon har a isa, za ta ba ka zanin gado da tawul, ga tukunyar ruwan zafi a ƙarshen tarago duk lokacin da ka so shayi, a kofin gilashi mai mariƙin ƙarfe. Akwai tarago na kowa da kowa wanda gadaje ke jere ba ƙofa, shi ne mai araha, akwai kuma mai ɗaki-ɗaki na mutum huɗu. Mutanen ba sa yawan murmushi ga wanda ba su sani ba, haka al'adarsu take, amma da an fara fito da guzuri sai ka ga an turo maka dafaffen ƙwai da kokwamba ba tare da an tambaye ka ko kana so ba.

Kowa daga Kiremlin yake farawa, ni ma haka. Ba Mosko kaɗai ke da Kiremlin ba, tsofaffin biranen Rasha da yawa suna da nasu, ganuwa ce da fadar mulki a ciki. Ta Kazan fara ce tas, tana kan tudu a inda kogin Kazanka ke gangarawa ya haɗu da Bolga, kuma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Shiga kyauta ne, gidajen tarihin da ke ciki ne kawai ake biya. Kana wuce babbar ƙofar da ke ƙarƙashin hasumiyar agogo ka ɗan yi tafiya ka waiga hagu, sai ga Masallacin Kul Sharif, fari da rufi shuɗi mai ɗan kore, manyan hasumiyoyi huɗu sun miƙe sama sun haura mita 50. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na tsaya cak. Masallaci irin wannan a tsakiyar fadar gwamnati a ƙasar da muka taso muna jin cewa ta 'yan gurguzu ce marasa addini, kai abin sai wanda ya gani.

Ciki ma ya haɗu, ga fitilar tsakiya ƙatuwa, ga rubutun ayoyi zagaye da bango, a ƙasa kuma akwai gidan tarihin Musulunci. An yi wa masu yawon buɗe ido baranda a sama inda za su tsaya su kalli ɗakin salla ba tare da sun takura wa masu ibada ba, mata kuma ana ba su ɗankwali a bakin ƙofa. Ni da na ce musu salla zan yi sai kawai aka nuna min wurin alwala.

Amma fa masallacin nan sabo ne. A 1996 aka fara gininsa, aka buɗe shi a watan Yunin 2005 lokacin bikin cikar birnin shekara 1000. Sunan da aka sa masa shi ne tsoho, kuma labarin sunan ba mai daɗi ba ne. Kazan a da daular Musulmi ce mai sarkinta, daga wajen 1438 har zuwa 1552, shekarar da Sarkin Rasha Iban na Huɗu ya zo da runduna ya kewaye garin. Tun shekara guda kafin nan ya shirya, ya sa an sassaƙa katakon ganuwa gaba ɗaya a can saman kogi kusa da garin Uglic, aka sako su a ruwan Bolga suka gangaro, aka harhaɗa sansanin Sibiyazhisk cikin sati huɗu a kusa da Kazan. Da aka zo yaƙin ramuka suka haƙa ƙarƙashin ganuwa suka cusa albarushi suka tarwatsa ta, a watan Oktoba garin ya faɗi. Kul Sharif shi ne babban limamin garin, shi da almajiransa suka tsaya suna kare masallacinsu har aka kashe su gaba ɗaya, masallacin ma bai tsira ba. Wancan shahararren cocin mai kawuna kala-kala da kuke gani a hoton Jan Dandali na Mosko, don murnar cin Kazan aka gina shi. Tun da na san haka kallon da nake wa hoton ya canja.

Taku kaɗan daga masallacin akwai Cocin Bushara wanda magina daga birnin Fiskof suka kammala a 1562, su ne kuma suka fara ginin ganuwar da farin dutse. Na shiga, na tarar da tsofaffin mata da ɗankwali suna kunna kyandir, ba kujeru, a tsaye suke ibada, kuma ba wanda ya yi min kallon banza. Daga nan sai hasumiyar Suyumbike, ta jan bulo, hawa bakwai, tsayinta mita 58, ta karkace kusan mita biyu har ido yana gani. 'Yan rakiyar baƙi za su ba ku labari cewa sarauniyar Kazan Suyumbike ta ce ba za ta auri Sarki Iban ba sai ya gina mata hasumiya cikin kwana bakwai, da aka gama ta hau can ƙololuwa ta faɗo. Tatsuniya ce. Matar gaskiya ta rayu kuma ta riƙe mulki a madadin ƙaramin ɗanta, amma tun 1551 aka miƙa ta ga Rashawa a wani sulhu aka tafi da ita Mosko, daga baya aka aurar da ita ga sarkin Kasimof, a can ta rasu, masana da yawa ma suna ganin hasumiyar an gina ta ne shekaru masu yawa bayan mutuwarta. Ni labarinta na gaskiyar ya fi taɓa min zuciya, mace da aka raba da garinta da ɗanta saboda sulhun da bai hana yaƙi ba. A gindin hasumiyar an tono wurin da aka binne wasu sarakunan Kazan an rufe da gilashi, sai ka ga Tatar sun zo sun ɗaga hannu suna musu addu'a.

Daga Kiremlin in ka sauko akwai titin Bauman, na 'yan ƙafa ne zalla, shaguna da gidajen abinci da masu kiɗa, da doguwar hasumiyar ƙararrawa ta jan bulo mai mita 74, da gunkin wata ƙatuwar kyanwa a kwance wanda aka yi don tunawa da kyanwoyin da aka kai wa sarauniyar Rasha Elizabet daga Kazan a 1745 su kama mata ɓeraye a fada. A bi ta nan a sayi tsaraba a wuce, ba wani abu. Sama kaɗan akwai jami'ar Kazan da aka kafa a 1804, inda masanin lissafin nan Lobachebski ya yi shugabanci kusan shekara 20, inda kuma aka kori Lenin, wanda daga baya ya jagoranci juyin juya halin gurguzu, a 1887 yana ɗalibin lauya saboda zanga-zanga. Ɗalibai 'yan Afirka suna da yawa a garin, musamman masu karatun likita, shi ya sa baƙar fata ba wani abin kallo ba ne sosai a tsakiyar gari.

To inda nake so in kai ku shi ne Tsohuwar Unguwar Tatar, kuma don Allah da ƙafa za ku je, ba nisa, ku tsallaka magudanar Bulak ku nufi tafkin Kaban. Tafiyar nan da ƙafa ita ce za ta fahimtar da ku abin da ya faru, don bayan 1552 Tatar da suka rage an fitar da su ne daga cikin ganuwa aka ce su zauna a can bayan gari, kuma fiye da shekara 200 ba a yarda sun gina masallacin dutse ko ɗaya ba a garin kakanninsu. Na katakon ma da suke ɗan kafawa ba su tsira ba, a farkon shekarun 1740 an ba da umarnin rushe masallatai, aka rushe 418 daga cikin 536 na yankin Kazan, ana matsa wa mutane su karɓi baftisma, wanda ya karɓa a sauƙaƙa masa haraji a ɗora wa wanda ya ƙi. A haka mutanen nan suka riƙe salla da karatu a gidaje da ƙauyuka, uba ya koya wa ɗa, kaka ta koya wa jika, shekara da shekaru.

Sauƙi ya zo ne a zamanin sarauniya Katarina ta Biyu wadda ta ziyarci Kazan a 1767 ta ba da izinin gina masallatan dutse, har yau Tatar suna tuna ta da alheri saboda haka. 'Yan kasuwar unguwar suka haɗa kuɗi suka gina masallacin da yanzu ake kira Masallacin Marjani, aka gama shi a 1770. Ƙarami ne in ka kwatanta da Kul Sharif, bene hawa biyu, fari da koren rufi, hasumiyarsa ɗaya ce kuma daga tsakiyar rufin ta fito, in ba don ita ba sai ka ɗauka gidan wani attajiri ne na zamanin da. Ana ba da labarin cewa hukumomin gari sun kai ƙara wai hasumiyar ta yi tsawo, sarauniyar ta amsa cewa ita a ƙasa ta ba su wuri, sama kuma ba ta cikin mulkinta. Ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba, hasumiyar dai tana nan. Lokacin Tarayyar Sobiyet da aka rufe masallatan garin, wasu aka mai da su sito wasu makaranta aka sare musu hasumiya, wannan ne kaɗai ya daɗe a buɗe ana salla a cikinsa a duk faɗin Kazan. Ku yi tunani, birni guda, masallaci ɗaya, kuma shigarsa na iya jawo wa mutum matsala a wurin aiki.

A nan na yi azahar da la'asar, kuma a nan ne na ji na zo Kazan da gaske. Kul Sharif na baƙi ne da manyan taruka da masu ɗaukar hoton aure, Marjani kuwa na 'yan unguwa ne, dattawa da 'yar hularsu mai ado, samari da jakar makaranta, direbobi 'yan Uzbekistan da Tajikistan. Hanafawa ne, don haka la'asar ɗinsu tana ɗan yin latti, amin a ɓoye suke yi, kuma bayan sallama ba a watsewa nan take, ana zama a yi tasbihi tare liman ko ladan ya karanta ayoyi sannan a shafa. Wani dattijo da ke gefena ya kama hannuna da hannu biyu bayan an idar, ya tambaye ni daga ina da 'yar Larabcinsa, na ce masa Baba daga Afirka nake, sai ya dafa ƙirji yana ta maimaita alhamdulillahi, ya kira wani saurayi mai jin Turanci ya ce ya gaya min in sha shayi kafin in tafi. Ba mu da yare ɗaya da shi amma Fatiha ɗaya muka karanta, kuma na san dattijo mai shekarunsa ya ga zamanin da shigowa nan sai mai ƙarfin hali.

Sunan masallacin na Shihabuddin Marjani ne, malami masanin tarihi da fiƙihu, an haife shi a 1818, ya yi karatu a Bukhara da Samarƙand, ya dawo ya yi limanci a nan daga 1850 har rasuwarsa a 1889. Akwai wata mas'ala da ya yi fice a kanta wadda sai da na kwana a garin na gane nauyinta. Lokacin bazararsu, wajen watan Yuni, rana ba ta faɗuwa sai kusan takwas da rabi na dare, kafin ƙarfe uku na asuba kuma ta sake fitowa, kuma tsakanin nan sama ba ta yin duhu sosai, shafaƙi bai gama ɓacewa ba alfijir ya keto. To yaushe za a yi isha'i? Malaman yankin sun daɗe suna saɓani, wasu suka ce tunda lokacinta bai shiga ba ta faɗi a waɗannan darare, Marjani kuwa ya rubuta littafi guda yana kafa hujja cewa isha'i farilla ce ko shafaƙi ya ɓace ko bai ɓace ba, sai dai a ƙaddara mata lokaci. Mu da dare da rana suke kusan daidai duk shekara ba ma taɓa tunanin irin wannan, su kuwa rayuwarsu ce, ga kuma azumi in ya faɗo a irin wannan lokaci. In kun je da bazara ku karɓi jadawalin salla a masallaci ku bi nasu, kar ku dogara da manhajar waya, ku kuma nemi ɗaki mai labule mai kauri.

Titin da masallacin yake, Kayum Nasiri, an gyara shi, gidajen katako ne masu fenti kore da shuɗi da ruwan ɗorawa da ƙofofi masu sassaƙa, kusa kuma akwai Masallacin Afanay wanda kusan sa'ansa ne. Nan ne ya fi dacewa a ci abinci. Halal ba wuya a Kazan, za ku ga an rubuta a ƙofar gidajen abinci da yawa, amma dai a tambaya, don ba duka ba ne. Ku nemi ecfocmak, burodi ne mai kusurwa uku da aka cusa wa nama da dankali da albasa aka gasa, ana ci da romo mai zafi. Akwai kistibi, gurasa mai laushi da aka naɗe da markaɗaɗɗen dankali. Sai cak-cak, shi kam kamar cincin ne da aka jiƙa da zuma aka tara shi tsibi, da shi ake shan shayi kuma shi ne tsarabar da kowa ke saya. Suna cin naman doki sosai, har busasshe suke sayarwa, wanda ba ya ci sai ya tambaya kafin ya sa hannu.

Wanda ke da ƙarin lokaci ya je Bolgar, tafiyar wajen awa uku ce a mota zuwa kudu, a bakin Bolga. Daga yankin nan Musulunci ya kafu a wannan ƙasa, a shekarar 922 tawagar Halifa Muƙtadir ta iso daga Bagadaza wurin sarki Almish, da Ahmad bn Fadlan a cikinta, shi ma sai da ya yi mamakin gajartar darensu. Wato Musulunci ya zama addinin sarauta a nan shekara 66 kafin Rashawa su karɓi Kiristanci a 988, kuma a 2022 aka yi bikin cika shekara 1100. Yanzu fili ne mai faɗi da ciyawa da iska, da kufan babban masallaci da kaburburan sarakuna na ƙarni na 13 da na 14, da wata ƙaramar hasumiya da ake hawa ta matsattsen bene, UNESCO ta sa wurin a jerinta a 2014. Akwai wani ƙaton bugaggen Alƙur'ani mai nauyin ɗaruruwan kilo da aka ajiye a ginin tunawa, mutane na ta layin hoto da shi, ni dai kufan ya fi tsaya min a rai. Akwai kuma wani gini a gefen Kazan da ake kai baƙi wai haikalin dukkan addinai, wani mai zane ne ya fara shi a 1992, ba a ibada a ciki, ban ga abin da zai sa mutum ya ɓata rabin yini a kansa ba alhali ga Bolgar ga Sibiyazhisk.

Sai maganar shiri, don Rasha ba ƙasar da ake faɗa wa haka kawai ba ce. Katin banki na Visa da Mastercard da aka yi a waje ba ya aiki tun 2022, don haka ku riƙe tsabar dala ko yuro sababbi marasa lanƙwasa ku canja zuwa rubul a banki, tsohuwar takarda ko mai tabo suna iya ƙin karɓa. Biza a gama da ita tun daga gida, yawanci ana neman takardar gayyata daga otal ko kamfanin yawon buɗe ido. A filin jirgi za a ba ku wata 'yar takardar shige da fice, ku adana ta cikin fasfo kar ta ɓata don za a neme ta a otal da ranar fita, otal ɗin ne kuma zai yi muku rajista da hukuma, ku karɓi shaidar ku riƙe. Facebook da Instagram a toshe suke, sayen layin waya ma ya yi wa baƙo wuya yanzu, gara ku sauke taswirar Yandex ko 2GIS da manhajar fassara tun kafin ku shiga. Ku ɗan koyi haruffansu ko da na karanta sunan tasha ne, kwana biyu ya isa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Kazan ana sanar da tashoshi da Rashanci da Tataranci da Turanci, kuma akwai tasha dab da Kiremlin. Kar a ɗauki hoton sojoji ko 'yan sanda ko gine-ginen tsaro, kar kuma a shiga hirar yaƙi da siyasa da wanda ba a sani ba, dokokinsu a kan haka masu tsauri ne kuma ba ruwansu da cewa kai baƙo ne. Lokacin zuwa kuma daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba ya fi, jiragen ruwa na yawo a Bolga, in kuwa hunturu kuka zaɓa to sanyin yana iya kaiwa 20 ƙasa da sifiri, sai an tanadi takalmi da riga na gaske.